Waiwaye: Me ya jinkirta riga-kafin cutar amai da gudawa ta norobairos?

Tun bayan da aka samar da riga-kafin korona cikin shekara guda, mutane ke tambaya: ina na norobairos, ƙwayar cutar da ke jawo amai da gudawa, wadda ake ƙiyasin tana kwantar da mutum kusan miliyan 685 duk shekara? Wasu na ganin sakaci ne na kwanan nan. Maganar ta girmi haka nesa ba kusa ba.

A 1968 cutar ta ɓarke a wata makarantar firamare a garin Norwalk na jihar Ohayo a Amurka. Mai bincike Albert Kapikian ya hango ƙwayar a 1972, mai bincike Ruth Bishop kuma ta gano rotabairos, wata ƙwayar daban da ke jawo gudawa, a Ostareliya a 1973. Ganin ƙwaya daban, rainonta a ɗakin gwaje-gwaje daban, kuma idan ba ta hayayyafa a kwalba ba, gwada magani a kanta aiki ne ja.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a 1981 a Japan. Masu bincike suka jiƙa rotabairos na ɗan Adam da tiripsin, sinadarin da ke narkar da abinci a hanji, suka zuba shi kan ƙwayoyin ƙodar biri a cikin kwalaben da ke jujjuyawa a hankali. Sai ya hayayyafa. Ashe sinadarin ne ke tsaga furotin ɗin da ke jikin ɓawon ƙwayar, ya buɗe mata ƙofar shiga. Wato ƙwayar ba ta aiki sai ta ji ta a yanayin hanji. Ta wannan ƙofa aka bi har aka kai ga ɗigon riga-kafin rotabairos da Nijar ta fara bai wa jarirai a 2014, Najeriya kuma a 2022.

Norobairos dai ya ƙi kowace dabara. Shekaru da dama ana gwada shi kan ire-iren ƙwayoyin halittar da aka saba da su, ba nasara. A ganina, an daɗe ana neman ƙwayar ta saba da kwalba, alhali kwalbar ce ya kamata ta zama hanji. Ciwon zuciyar shi ne yaran da ta fi kashewa na ƙasashe matalauta ne, inda kuɗin bincike bai cika leƙawa ba.

Sai a 2016 ayarin mai bincike Mary Estes a birnin Houston na Amurka ya raini ƙananan hanji daga ƙwayoyin hanjin ɗan Adam, ƙwayar ta hayayyafa a cikinsu. Wasu nau'o'inta ma ba su motsa ba sai da aka ƙara musu ruwan maɗaciya.