RAID da Rabon Faifai a Sabar Ƙaramin Ofis

RAID hanya ce ta haɗa faifan ajiya biyu ko fiye su yi aiki tamkar guda, domin bayanai su tsira idan ɗaya ya mutu, ko domin karatu da rubutu su ƙara sauri. David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ne suka fayyace tsarin a wata maƙala ta 1988. A ƙananan ofisoshin Garwa da Marwa da Ngaundare da ke arewacin Kamaru, kamar kantin magani ko ƙungiyar manoman auduga, sau da yawa sabar ɗaya, wato kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke ajiya a cikinta, ce ke ɗauke da lissafin kuɗi da takardun ma'aikata gaba ɗaya, don haka tun ranar da za a kafa ta ake yanke shawarar yadda za a jera faifanta.

Matakan RAID

RAID 0 yana raba bayanai ne tsakanin faifai don sauri, ba ya kāre komai. Faifai ɗaya ya mutu, duka sun tafi. Ba shi da gurbi a ofis.

RAID 1 shi ake kira madubi: duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya, an rubuta shi a ɗan'uwansa. Faifai biyu masu terabait 4 (terabait ɗaya gigabait dubu ne) za su ba da terabait 4 kacal, amma kowannensu cikakken kwafi ne.

RAID 5 yana buƙatar faifai uku aƙalla, kuma shi ya fi jan hankalin mai saye, saboda faifai huɗu masu terabait 4 za su ba shi terabait 12. Yana ajiye wani lissafin cike gibi wanda da shi ake sake gina faifan da ya mutu. Matsalar tana wajen ginin ne. Dole na'ura ta karance sauran faifan kaf, aikin da kan ci yini guda ko fiye, kuma a tsawon wannan lokaci babu wata kariya. Masu ƙera faifan kwamfutocin gida sukan rubuta cewa ana iya samun kuskuren karatu ɗaya a cikin kimanin terabait 12, wato daidai yawan abin da za a karanta a wannan misali. RAID 6 yana jure mutuwar faifai biyu, RAID 10 kuwa madubai biyu ne aka haɗa. Kowannensu na son faifai huɗu, kuma a misalinmu terabait 8 zai bayar.

Wuta, zafi da nisan kasuwa

Babban kaso na wutar arewacin Kamaru daga madatsar Lagdo yake zuwa, a kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani akan shiga rabon wuta. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, RAID 5 na iya barin bayanai da lissafinsu ba su dace ba, ba kuma lallai a gane ba sai ranar da faifai ya mutu. Saboda haka na'urar riƙe wuta, wadda masu gyara ke kira onduleur da Faransanci, tana gaba da faifai na uku wajen muhimmanci, musamman idan an haɗa ta da sabar ta yadda za ta kashe kanta lafiya kafin batir ya ƙare. Ga zafin watan Maris da Afrilu da kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Sannan idan faifai ya mutu, irinsa sai an aiko daga Duwala ko Yawunde. Duk wannan ya sa RAID 1, da faifai na uku a ajiye cikin kabad, ya fi dacewa da ofishin da bai wuce mutum goma ko ashirin ba.

Rabon faifai

Rabon faifai shi ne kasa shi ɓangare-ɓangare, kowanne da aikinsa. Tsohon tsarin rabon, MBR, ba ya wuce terabait 2, don haka sabon tsarin, GPT, ake amfani da shi yanzu. A sabar da ke amfani da tsarin aiki na Linux, akan ware kamar megabait 512 na tada na'ura a kan kowane faifai, ba a na farko kawai ba. Mutane da yawa kan manta da wannan, sai faifan farko ya mutu su tarar bayanai na nan lafiya amma na'ura ta ƙi tashi. Tushen tsarin aiki gigabait 40 zuwa 50 sun ishe shi. Yana da kyau /var, inda Linux ke ajiye rajistar ayyuka, ya samu nasa ɓangaren, don kada rajistar ayyuka ta cika ta tsayar da komai. Sauran wuri na takardun ofis ne, kuma idan aka ɗora shi a kan LVM, tsarin Linux da ke ba da damar sauya girman ɓangarori, aka bar wani kaso babu komai, za a iya ƙara wa duk ɓangaren da ya matse daga baya. A bar ɗan sarari a ƙarshen faifai, domin faifai biyu masu suna terabait 4 na iya bambanta kaɗan a girma.

Da manhajar mdadm ake haɗa madubin. Mai kula da sabar zai duba fayil ɗin /proc/mdstat, wanda ke nuna halin da madubin ke ciki: in ya ga UU, faifan biyu na raye, in ya ga U da ɗan layi a gefensa, ɗaya ya faɗi. Sabar kan yi watanni a haka tana aiki ba wanda ya lura, shi ya sa ake saita ta ta aika saƙon imel.

Abin da RAID ba ya yi

Idan akawu ya goge fayil bisa kuskure, ko ƙwayar cutar kwamfuta ta kulle takardu, nan take madubin zai kwafi ɓarnar. Gobara da ɓarawo kuma ba sa barin faifai ɗaya. Ofisoshin da suka san haka kan sayi faifan waje guda biyu, irin waɗanda ake jonawa a cire, a kwafi bayanai a kansu, a riƙa musanya su kowace Juma'a, ɗaya a ofis, ɗaya a wani gida, kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da fayil guda daga ciki a buɗe shi.