Ta yaya robot zai ja garken tsuntsaye alhalin ba ya jin yarensu?

Wai me ake nufi da aiki tare ba tare da shiri ba?

Ka taɓa zuwa fili ana buga ƙwallo aka ce maka shigo, mutum ɗaya muke nema? Ba ka san kowa ba, ba ku taɓa atisaye tare ba, amma kafin minti biyar ka gane mai son kai da ƙwallo da mai gudu ta gefe. To irin wannan ƙalubalen Peter Stone na jami'ar Texas a Austin da abokan aikinsa suka jefa wa masu bincike a 2010: a ƙera robot da za a cusa shi cikin baƙin abokai, ya lura da halinsu ya zama mai amfani. Har a RoboCup, gasar ƙwallon ƙafa ta robot, an gwada, a kwaso robot daga ƙungiyoyi daban-daban a ce ku buga tare.

To ina ruwan tsuntsaye a nan?

Ai su ne gwanayen abin. Garkensu ba shi da oga. Tun 1986 Craig Reynolds ya nuna a kwamfuta cewa dokoki uku sun isa, kar ka yi karo da na kusa da kai, ka fuskanci inda suka fuskanta, kar ka yi nisa da su, shikenan sai ka ga garke na juyawa kamar jiki ɗaya. Masu bincike a Roma ma sun gano kowane tsuntsu maƙwabta shida ko bakwai kawai yake bi.

Kenan robot ɗin umarni yake bayarwa?

Ina! Wa zai saurare shi? Shigewa yake ciki kamar ɗan gida, ya ɗan karkata kaɗan, na kusa da shi su karkata, na kusa da su ma haka, har abin ya zagaye garken. Wahalar tana wajen "kaɗan" ɗin nan, in ya yi gaggawa ya juya da ƙarfi sai ya waiga ya ga shi kaɗai yake tafiya, garke ya yi gaba abinsa. Abin da ya fi burge ni, binciken Iain Couzin na 2005 ya nuna yadda garke ke ƙara girma haka kason jagororin da ake buƙata ke raguwa.

Amfanin fa?

Filin jirgi. A Janairun 2009 dinya ne suka kashe injina biyu na wani jirgin fasinja a New York, dole matuƙin ya sauke shi cikin kogin Hudson. In ka firgita garke tarwatsewa zai yi ta ko'ina, shi ya sa ake gwada jirage marasa matuƙa da za su kora shi a hankali yana dunƙule har ya bar hanyar jirgi.