Amurka a Shekarun 1960: Talabijin, Kiɗa da Gwagwarmayar Baƙar Fata

Shekarun 1960 zamani ne da Amurka ta ga sauyin al'ada mai saurin gaske tare da tarzoma da kashe-kashen shugabanni. Ƙasar ta fito daga yaƙin duniya na biyu da arziki, jama'a suka yi ta haihuwa, har aka haifi yara kusan miliyan 76 tsakanin 1946 da 1964. Da waɗannan yara suka zama samari da 'yammata sai suka cika jami'o'i, ga kuɗi a aljihu, ga rediyo a hannu. A daidai 1960 kusan gida tara cikin goma yana da talabijin, kuma wannan akwati shi ya shigar da rikicin ƙasa har cikin falon mutane.

Gwagwarmayar baƙar fata

Duk wanda zai fahimci wannan zamani sai ya fara daga nan. A jihohin kudu doka ce ta raba baƙi da farare a makaranta da mota da wurin cin abinci, har da famfon shan ruwa. Ranar 1 ga Fabrairu 1960 ɗalibai huɗu baƙar fata suka zauna a kantin Woolworth na garin Greensboro, a kujerun da aka keɓe wa farare, suka ƙi tashi. Kafin watanni kaɗan irin wannan zaman dirshan ya bazu a garuruwa da dama. A 1963 'yan sandan garin Birmingham na jihar Alabama suka saki karnuka kan masu zanga-zanga, suka feshe yara 'yan makaranta da ruwan kashe gobara, duniya tana kallo. Zaluncin tsoho ne, abin da ya sauya shi ne yanzu babu mai cewa bai gani ba. Ranar 28 ga Agusta na shekarar mutane kusan 250,000 suka taru a Washington suka saurari Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar baƙar fata. Bayan kisan Shugaba Kennedy a Dallas a watan Nuwamba, magajinsa Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar hana wariya a 1964, sai dokar kare haƙƙin jefa ƙuri'a a 1965.

Sai dai doka ba ta cika tumbi. A unguwannin talakawa na manyan birane rashin aiki da cin zalin 'yan sanda suna nan yadda suke, shi ya sa wuta ta tashi a unguwar Watts ta Los Angeles a 1965, mutum 34 suka mutu, sannan a Detroit a 1967 aka rasa 43. Matasa da yawa suka karkata ga kalaman Malcolm X, ɗan gwagwarmaya baƙar fata Musulmi, wanda ya yi aikin Hajji a 1964, ya kuma ziyarci Najeriya da Gana a wannan shekara, kafin a harbe shi a New York a Fabrairun 1965. Gyaran gashi ma ya zama magana: mata da maza suka daina miƙar da sumarsu da sinadari, suka bar ta ta tsaya yadda Allah ya halicce ta.

Kiɗa da wasanni

A Detroit, Berry Gordy ya kafa kamfanin faifai na Motown a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa. Waƙoƙin kamfanin sun shiga gidajen fararen da ba za su yarda mawaƙan su kwana a unguwarsu ba. Wani abin lura shi ne, samarin Ingila irin su Beatles, waɗanda mutum miliyan 73 suka kalla a talabijin a Fabrairun 1964, daga mawaƙan Amurka baƙar fata suka ɗauko yawancin salonsu, suka maido wa Amurkawa da shi.

Amma babu wanda ya haɗa nishaɗi da siyasa da addini a jikinsa kamar ɗan damben nan Cassius Clay. Ya doke zakaran duniya Sonny Liston a 1964, ya bayyana Musuluncinsa, ya koma Muhammad Ali. A Afrilun 1967 ya ƙi shiga soja, aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe sama da shekara uku, a daidai lokacin da ƙarfinsa ya kai ƙololuwa. Wannan sadaukarwa ce ta gaske, kuma ita ta ɗaukaka shi a idon mutanen Afirka fiye da naushinsa.

Biyetnam da 1968

A 1968 sojojin Amurka da ke yaƙi a Biyetnam sun haura 500,000, kuma kowane dare labaran talabijin suna nuna gawawwaki da ƙauyukan da aka ƙona. Ɗalibai suka yi ta ƙona takardun kiran soja. Wasu matasan suka juya wa rayuwar iyayensu baya gaba ɗaya, suka tara gashi, suka kama shan ƙwayoyi, abin da ya halaka da yawa daga cikinsu. Mata kuma suka kafa babbar ƙungiyarsu ta ƙasa a 1966 don neman daidaito a wurin aiki da albashi.

An kashe King a Memphis ranar 4 ga Afrilu 1968, aka harbe Robert Kennedy, ƙanen Shugaba Kennedy, bayan wata biyu. A Oktoba, a wasannin Olamfik na Meziko, 'yan tseren Amurka baƙar fata Tommie Smith da John Carlos suka ɗaga hannu a dunƙule sanye da baƙar safar hannu ana tsaka da taken ƙasarsu. Jama'ar da suka gaji da hargitsi suka zaɓi Richard Nixon, wanda ya yi alkawarin doka da oda.

A Yulin 1969 Neil Armstrong ya taka duniyar wata, a Agusta kuma matasa kusan 400,000 suka yi kwana uku a wata gona a jihar New York don bikin kiɗan Woodstock. Yaƙin bai tsaya ba. A Mayun 1970 dakarun jihar Ohio suka buɗe wa ɗaliban jami'ar Kent State wuta a wata zanga-zangar adawa da yaƙin, huɗu suka mutu. Sai a Yunin 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke wa Muhammad Ali kan ƙin shiga soja.