Sa ido kan kasuwar kirin makamashi

Kasuwar kirin makamashi ita ce matakin ƙarshe da wutar lantarki da iskar gas ke bi kafin su shiga gida ko ƙaramar sana'a. A ƙasashen da suka buɗe ta, kamfanin da ke aiko da takardar kuɗin wuta sau da yawa ba shi da tashar samar da wuta, ba shi da waya ko bututu. Sari yake yi, ya sayar. Hukumar sa ido ita ke ba shi lasisi, ta gindaya masa sharuɗɗa, ta ci shi tara idan ya saɓa.

Birtaniya na cikin ƙasashen da suka fara wannan tsari, inda zuwa 1999 kowane gida ya samu damar zaɓen mai sayar masa da wuta da gas. Tunanin shi ne gasa za ta sauko da farashi, tunda wanda aka tsawwala wa zai iya komawa wani kamfani. Sai dai akasarin mutane ba sa komawa ko'ina. Binciken hukumar kula da gasa ta ƙasar a 2016 ya gano cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na kwastomomin manyan kamfanoni shida suna zaune kan tsarin farashi na gama-gari, wanda ya fi tsada. Rangwamen na sababbin shiga ne, tsohon kwastoma kuwa shi ke biya. Tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi su suka fi shan wannan.

Shi ya sa Ofgem, hukumar sa ido kan makamashi ta Birtaniya, ta fara ƙayyade farashin tsarin gama-gari a Janairun 2019. Mutane da yawa na yi wa wannan gurguwar fahimta: abin da aka ƙayyade shi ne kuɗin kowane ma'aunin wuta da kuɗin da ake cira kullum ko an kunna ko ba a kunna ba, ba jimillar bil ba. Wanda ya sha da yawa zai biya da yawa.

Ƙayyadewar ma ta zo da nata. Da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2021, kamfanonin da ba su sayi makamashi tun da wuri ba suka rasa yadda za su yi, tunda ba su da ikon sayarwa sama da farashin da aka ƙayyade, kusan 30 suka durƙushe. Wuta ba ta yanke wa kowa ba, domin doka ta tanadi a miƙa kwastomomin ga wani kamfani, amma an raba asarar a kan bil ɗin kowa. Laifin dai na sakacin ba da lasisi ne ga kamfanoni marasa ƙwarin jari.

A jihar Texas ta Amurka an ga ɗaya ɓangaren, wato abin da ke faruwa idan ba a ƙayyade farashin da gida ke biya ba. Lokacin matsanancin sanyin Fabrairun 2021 farashin sari ya kai dala 9,000 kan kowane megawat a awa, kuma gidajen da kwangilarsu ke bin farashin sari kai tsaye suka tashi da bashin dubban daloli cikin 'yan kwanaki. A shekarar aka haramta sayar wa gidaje irin wannan kwangila.

Tarayyar Turai, a dokarta ta 2019, ta fi karkata ga sauƙaƙa zaɓi: sauya kamfani cikin makonni uku, bil mai sauƙin karantawa, da shafin kwatanta farashi kyauta wanda ba na wani kamfani ba.