Fiya da kariyar hanta daga illar magunguna

Fiya, wadda masana tsirrai ke kira Persea americana, itaciya ce da asalinta ƙasar Meziko da Amurka ta Tsakiya. Ba ta jure zafi da ƙarancin ruwa irin na Zamfara, shi ya sa wadda ake gani a kan teburan masu kayan marmari a Gusau daga wajen jihar ake kawo ta, galibi daga Filato da kudancin ƙasar nan. Kusan kashi 15 cikin 100 na tsokarta maiƙo ne, tana kuma da bitamin E da sinadarin glutathione.

Wannan sinadarin ne ya sa ake danganta ta da hanta. Idan mutum ya sha farasitamol, hanta kan mayar da wani ɗan kaso nasa dafi, sai glutathione na cikin hanta ya kama dafin a fitar da shi. In maganin ya yi yawa, glutathione ya ƙare, ƙwayoyin hanta su fara mutuwa. Iyakar babban mutum giram 4 ne a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Mai zazzaɓin da ya karɓi haɗi a kemis, ya ƙara da maganin mura mai farasitamol a ciki, yana iya zarce wannan iyaka bai sani ba. Magungunan tarin fuka irin su isoniazid da rifampicin su ma sukan taɓa hanta.

A wani binciken da aka wallafa a 2001, masu bincike a Japan sun ciyar da ɓeraye kayan marmari iri 22, suka kuma ba su wani sinadari mai lalata hanta. Waɗanda suka ci fiya ne suka fi samun sauƙin ɓarnar. Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma a asibiti ba a lissafa fiya cikin magunguna. Wanda ya sha farasitamol fiye da kima, maganin N-acetylcysteine ake ba shi, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Mai shan maganin tarin fuka da idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, gwajin hanta yake buƙata nan take.

Masu ciwon ƙoda sukan taƙaita cin fiya saboda yawan potassium ɗinta. Ganyenta da ƙwallonta kuwa suna da dafin persin, mai cutar da awaki, dawakai da tsuntsaye.