FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu

FESPACO shi ne bikin fina-finai mafi girma a Afirka, ana yin sa ne a Wagadugu babban birnin Burkina Faso duk bayan shekara biyu, yawanci ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris. An fara shi a 1969, lokacin ma ƙasar sunanta Haute-Volta, kuma abin da ya haifar da shi ba wani abu ba ne illa takaici, don a wancan zamanin gidajen sinima na ƙasashen renon Faransa kamfanonin Turawa ke riƙe da su, su kawo fim ɗin Amurka da na Indiya da na Faransa, ɗan Afirka kuwa ya sha wahala ya yi fim ya rasa inda zai haska wa mutanensa. Ousmane Sembène, darektan fim na Senegal, yana cikin waɗanda suka tsaya wa bikin tun farko har ya rasu a 2007.

A 1972 aka fara gasa sosai. Babbar kyautar sunanta Etalon de Yennenga, wato ingarman Yennenga, gimbiyar nan mahayiya da Mosawa, babbar ƙabilar Burkina Faso, ke ɗauka kakarsu ce, kyautar ma siffar mace ce riƙe da mashi a kan doki ya ɗaga ƙafafun gaba. Wanda ya fara cinye ta ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame da ya yi da Zabarmanci kan wani alhaji da ya ƙara aure duk da yarinyar tana da wanda aka yi mata alkawari. Gaskiya abin yana min ciwo yadda da yawanmu mun haddace jaruman Indiya amma ba mu san wannan bawan Allah ba, mutumin da ya rasu a 1981 kuma har yau akwai kyauta da sunansa a bikin, ta darektan da ya yi fice da dogon fim ɗinsa na farko. Souleymane Cissé na Mali ya ci babbar kyautar sau biyu, 1979 da 1983.

Inda ake ta ja-in-ja shi ne batun wane irin fim ne ya cancanci shiga. Shekara da shekaru doka ta ce sai fim ɗin da aka fitar a kan zaren 35mm, wato zaren fim irin na gidajen sinima, zai shiga babbar gasa, wannan kuwa kuɗi ne masu yawa, shi ya sa galibi sai mai samun tallafi daga Turai ke iyawa, su kuma 'yan Nollywood da Kannywood da ke aiki da kaset da CD jama'a na rububin saye aka bar su a bakin ƙofa. Wasu suna ganin dokar ta kare inganci, wasu suna cewa ta raba bikin da fim ɗin da talaka ke kallo a ɗakinsa, kuma ni na fi karkata nan. Ɗan Najeriya Newton Aduaka dai ya ci babbar kyautar a 2007 da fim ɗinsa Ezra. Sai a 2015 aka buɗe wa fim ɗin dijital ƙofa.

Korona ta sa na 2021 ya koma Oktoba. A 2025 kyautar ta dawo gida, Dani Kouyaté ɗan Burkina Faso ne ya ɗauka.