Agogon gem na gudu amma ma'aikata na jan ƙafa: tambayoyi da amsoshi

Yaran da ke zuwa buga gem a ɗakina nan Nima, Accra, sun ishe ni da tambayoyin nan, bari in amsa su gaba ɗaya in huta.

Yaya, in na ƙara gudun lokaci ma'aikatana za su fi yin aiki?

Ya danganta da gem ɗin. A RimWorld, gem ɗin da kake kula da mutane suna gina mazauninsu, in ka danna 3, wato gudu na uku, komai ne ke gudu tare, rana da yunwa da aiki, to ba ka ƙaru da komai ba sai dai zaman jira ya ragu. Rana ɗaya a can bugun agogon gem 60,000 ce, a gudun farko bugu 60 ake yi a sakan, wato minti 16 da sakan 40 kenan. Gudu na uku ninki shida ne. Amma bangon da mutum zai gina cikin awa biyu na gem, awa biyun nan dai zai ci.

To me ya sa a Farming Simulator dare ke yi mini ban gama gona ko ɗaya ba?

Yauwa, nan ne kowa ke faɗawa. A wannan gem ɗin na noma, agogo kaɗai ke gudu, tarakta tana nan da tafiyarta. Ka sa gudun agogo a 120 rana gaba ɗaya minti 12 ce, shi kuwa direban da ka ɗauka haya bai san ka taɓa komai ba, yana can yana bin layi a hankali kamar tirotiro a go-sulo na Circle. Wani ƙanena ya sa 120 ya fita sayen waace a bakin titi, kafin ya dawo lokacin girbin alkama ya wuce, ya zo yana ce mini gem ɗin ya lalace. Ni dai in ana aiki 1 ko 5 nake sawa, sai in jira kawai ya rage nake ƙarawa. Daga Farming Simulator 22 ma kana iya ƙara yawan kwanakin wata, wannan ya fi taimako.

A RimWorld ɗin fa, ya zan sa su yi sauri da gaske?

Fara da fitila, don a duhu saurin aiki na komawa kashi 80 cikin ɗari, mutane da yawa ba su lura. Sai halin mutum, akwai mai himma sosai da ke ƙara kashi 35, akwai malalacin da ke rage 35, kar ka ba wannan girki wallahi kowa zai kwana da yunwa. Akwatin kayan aiki kusa da teburi yana ƙara kashi 6, guda biyu ake lissafawa. Amma abin da ya fi cin lokaci tafiya ce, in sito na can nesa da kicin rabin yini a hanya zai ƙare, ka matso da shi kawai ka gani.

In hana su barci fa?

Gwada mana. Kwana kaɗan ransu zai ɓaci, wani ya bar aiki ya kama yawo, wani ya hau fasa kaya.

Na danna 3 amma ba ya sauri.

Ko dai an kawo muku hari gem ɗin ya mai da kai gudun farko, ko kuma kwamfutarka ce ta gaji, mutane da dabbobi sun yi mata yawa. Tawa tsohuwa ce, in ta ɗau zafi sai na juya mata fanka, in an ɗauke wuta kuma daga ni har ita mu haƙura.